Jawabin Yaye Ɗaliban Sashen Fiziks, Aliero

Mai girma Shugaban Jami'a, iyayenmu sarakuna, malamai, iyayen yara da kuka yi sammako daga Jega da Maiyama, da ku 'ya'yanmu masu fita yau, barkanmu da wannan rana.

An kafa jami'ar nan a 2006. Shekara huɗu bayan haka, a 2010, David DeMille da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka yi abin da masana da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba: suka sanyaya molekul da hasken lesa. Na san wani dattijo a can baya zai ce, haske ai zafi yake kawowa, mu da muka san ranar Aliero a watan Afrilu. Gaskiyarka, Baba. Amma zafi motsi ne. Ƙwayar zarra a cikin iskar zauren nan tana gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa guda. In ka saita lesa ta riƙa tarar ta gaba da gaba, kowane ɗigon haske yana rage mata gudu kaɗan, sau dubbai, har ta kusa tsayawa cik, dab da digiri 273 ƙasa da sifili. Wannan dabara ce ta ba Steven Chu, Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997.

Molekul kuwa ya fi zarra taurin kai, don yana juyi yana karkarwa, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwar Jega; da ka saki ido ya kufce wa hasken.

To me ya sa ake wannan wahala? Abin da ya natsu shi ake iya aunawa da kyau. Da molekul masana ke son gano ko ilektiron zagayayye ne sumul ko yana da ɗan karkata, domin karkatar nan na iya bayyana dalilin da ya sa abu ya rinjayi kishiyarsa a farkon halitta. Awon da aka yi a cibiyar bincike ta JILA a Kolorado a 2023 bai ga karkatar ba tukuna. Kuma a ɗakin gwaji guda aka yi shi, ba a ramin gwaji na cibiyar CERN mai tsawon kilomita 27 ba.

Tambayar tana nan a buɗe, 'ya'yana, kuma lissafin da ake bi da ita shi ne kuka sha fama da shi a ajin kwantam. Shugaba, ga ɗalibanka nan, a miƙa musu takardunsu. Allah ya yi musu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.