Akwai Ƙarfe Cikin Gishiri

 Hirarmu ta yau kan gishiri ce, irin wanda raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi. In ɗanku ya komo daga lakwal ya ce akwai ƙarfe cikin gishiri, kada ku ƙaryata shi. Gaskiya ya faɗa.

Masana sun kasa abubuwan asali gida biyu. Akwai ƙarafa, kamar baƙin ƙarfe, tagulla, azurfa da sanholo. Akwai kuma waɗanda ba ƙarfe ba, kamar farar wuta da iskar oksijan da muke shaƙa. Gishiri ɗan gida biyun nan ne.

Ƙarfensa sunansa sodiyom. Yana da taushi, wuƙa ma tana yanka shi, amma in ya taɓa ruwa sai ya tafasa, har ya kan kama wuta. Abokin haɗinsa kulor ne, wata iska mai guba wadda aka kashe sojoji da ita a Turai a 1915. To, yaya mugaye biyu sunka haɗu sunka zama abin miya?

Ku saurara da kyau, nan ne wurin ganewa. Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, sunansu atom. Kowane atom yana da ƴan mitsi-mitsin abubuwa kewaye da shi, sahu-sahu, ana ce musu elektoron. Sodiyom yana da 11, guda tak a sahun waje. Kulor yana da 17, bakwai a sahun waje. Su kuwa ba su natsuwa sai sahun waje ya cika takwas. Sai sodiyom ya ba da gudan nan nasa, kulor ya amsa. Kowa ya huta.

Kun san pil ɗin rediyonku yana da kai biyu, mai alamar + da mai alamar −. Elektoron na ɓangaren − ne. Wanda ya bayar ya koma +, wanda ya amsa ya koma −. Atom ɗin da ya sāke haka sunansa iyon. Tsakanin + da − kuwa akwai jan juna mai ƙarfin gaske. Shi ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801. Kullum ƙarfe ne mai bayarwa. Haka baƙin ƙarfe ke ba oksijan nasa, tsatsa ta ci hauya.

Amma abin da ya gagari wuta, ruwa yana yin sa nan da nan. Cikin ruwa iyon suna rabuwa, suna yawo, suna ɗaukar wutar lantarki. Zufarmu ma da gishiri cikinta. Don haka, ku da ke da lantarki a gida, kada ku taɓa waya ko makunni da jiƙaƙƙen hannu, ku hana yara kuma.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.