Ɗakunan Masu Shaye-shaye a Gaban Likita: Ceton Rai ko Ɗaure wa Ɓarna Gindi?



Maganar da aka ɗora mana yau mai nauyi ce, kuma mai ɗaci. Tambayar ita ce: ko ya dace hukumar gari ta keɓe wani ɗaki inda wanda shaye-shaye ya riga ya kama zai zo da ƙwayarsa ya sha, ko ya yi wa kansa allura, a gaban ma'aikacin lafiya, ba tare da 'yan sanda sun kama shi ba? Da jin wannan, zuciyar mai tarbiyya za ta ce tir. To amma mu ɗalibai ne, aikinmu shi ne mu binciki abu kafin mu yanke masa hukunci.

Da farko bari mu bayyana yadda irin wannan ɗaki yake. Hukuma ba ta sayar da ƙwaya a ciki, ba ta kuma ba da ita kyauta. Mutum shi ke zuwa da abinsa. Abin da ake ba shi shi ne sabuwar allura, da ruwa mai tsabta, da wurin zama. Ma'aikacin jinya yana nan kusa yana lura da shi. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyi irin su hirowin da fentanil, in sun yi wa mutum yawa, numfashinsa suke dannewa har ya tsaya, cikin 'yan mintoci sai rai ya yi halinsa. In akwai mutum a kusa, yakan ba shi iskar shaƙa, ko ya ba shi wani magani da ake kira naloksan, wanda ke karya ƙarfin ƙwayar nan take. Wato mafi yawan masu mutuwa ta wannan hanya, kaɗaici ne ke kashe su, a bayan gida ko a kango, inda babu mai gani.

Asalin wannan dabara daga Turai ne. An buɗe ɗaki na farko da yardar hukuma a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1986, lokacin da cutar ƙanjamau ke yaɗuwa tsakanin masu karɓa-karɓar allura ɗaya. Biranen Jamus suka biyo baya a 1994, sannan Sidini ta ƙasar Ostareliya a 2001, da Bankuba ta ƙasar Kanada a 2003. Faris ta buɗe nata a 2016, Niyok ta Amurka a 2021, Gilasgo ta Birtaniya kuma a farkon 2025.

Masu goyon bayan abin suna da hujjoji uku. Ta farko ita ce ceton rai. A cikin shekara 20 na farko, an yi allura fiye da sau miliyan ɗaya a ɗakin Sidini, an ceto waɗanda ƙwaya ta yi wa yawa fiye da sau 10,000, ba a kuwa rasa rai ko ɗaya a cikinsa ba. A Bankuba, wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa mutuwar da ƙwaya ke jawowa ta ragu da kashi 35 cikin ɗari a unguwar da ke kewaye da ɗakin, alhali a sauran sassan birnin raguwar ba ta wuce kashi 9 da 'yan kai ba. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta Kanada ta hana gwamnatin tarayya rufe wurin. Hujja ta biyu ita ce kare jama'a daga cuta, domin sabuwar allura na tare hanyar ƙanjamau da ciwon hanta, waɗanda ba sa tsayawa ga mai shan kaɗai, har matarsa da abin da za ta haifa suna iya kamawa. Ta uku, wannan ɗaki ƙofa ce. Mutumin da ke gudun asibiti don tsoron kamu, a nan ne yakan fara zama da likita, a nan ne kuma akan yi masa tayin magani don ya rabu da shan baki ɗaya. Gawa dai ba ta tuba, kuma ba ta shan magani.

Masu ƙin abin su ma ba a banza suke magana ba, kuma wajibi ne mu saurare su da adalci. Suna cewa, ta yaya hukumar da ta haramta abu za ta shimfiɗa wa mai aikata shi tabarma? Wane darasi ke nan ga yara masu tasowa? Ga kuma kukan maƙwabta, waɗanda ke ganin dillalan ƙwaya na shawagi a ƙofar gidajensu. Irin wannan kuka ne ya sa lardin Ontariyo na Kanada ya yanke shawara a 2024 cewa a rufe duk ɗakin da ke tsakanin mita 200 da makaranta ko gidan renon yara. Haka kuma Gwamnan Kalifoniya ya ƙi sa hannu a kan dokar gwajin irin waɗannan ɗakuna a 2022. Akwai kuma hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi: ɗaki ɗaya ba ya ɗauke gari. Lardin da Bankuba take ciki ya ayyana dokar ta-ɓaci kan mace-macen ƙwaya a 2016, shekara 13 bayan buɗe ɗakin, saboda fentanil ta mamaye kasuwa. Ashe ke nan ɗakin yana ceton wanda ya shigo ne kawai, ba ya busar da rijiyar da ɓarnar ke ɓuɓɓugowa.

To, ina muka tsaya? A ganinmu, garin da 'ya'yansa ke mutuwa a kan titi da allura a hannu, ya dace ya yarda da irin wannan ɗaki, amma bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a haɗa shi da asibitin warkar da masu shaye-shaye, ta yadda wanda ya ce yau ya gaji, yau ɗin za a karɓe shi. Na biyu, a shawarci mutanen unguwa kafin a aza tubali, a kuma nisanta shi daga makarantu. Na uku, sassaucin ya tsaya ga majinyaci, kada ya kai ga dillali. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙin shaye-shaye daban, ƙin ran mai shan daban.

Wani zai tambaya, mu a nan gida fa? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, amma masu yi wa kansu allura ba su wuce kimanin 80,000 ba. Wato tamu cutar yawanci ta baki take shiga: wiwi, da tiramadol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018. Saboda haka ba mu ce a kwafo ɗakin Bankuba a dasa shi a Kano ko Zariya gobe ba. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne darasin da ke ƙarƙashinsa: a wadata asibitocinmu da naloksan, domin tiramadol da kodin dangin hirowin ne, su ma suna iya tsayar da numfashi; a ƙara gidajen jinya na gaskiya, a daina ɗaure mara lafiya da mari ana dukansa da sunan gyaran hali; a kuma tabbatar cewa wanda ya kai abokinsa asibiti a sume ba zai kwana a hannun hukuma ba.

'Yan'uwa, gobe wasu daga cikinmu ne za su zama likitoci, da alƙalai, da sakatarorin ma'aikatu. Wata rana takarda irin wannan za ta iso kan teburinku. In ta iso, muna roƙonku kada ku sa hannu don kwaikwayon Turawa, kada kuma ku yi watsi da ita don tsoron bakin mutane. Ku nemi alƙaluman garinku, ku ji daga likitoci, da malamai, da iyayen da suka binne 'ya'yansu, sannan ku yanke hukunci.