Rawanin Sarkin Ruwa da Amanar Madatsar Challawa



Godiya ta tabbata ga Allah, Mai tudu da ruwa, Mai ciyar da abin da ke cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Martaba Sarkin Ƙaraye, Allah ya ƙara maka nasara, ya ja zamaninka. Masu girma hakimai, Allah ya ba ku yawan rai. Shugabannin ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, wakilan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, malamanmu, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu mata masu suya da banda, 'yan'uwana masunta da fataken kifi, sannunku da zuwa. Sai kuma angon wannan rana, sabon Sarkin Ruwa: ranka ya daɗe, Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo.

An umarce ni da in yi magana a kan halin da ruwa da halittun cikinsa suke ciki a duniya. Da izinin Mai Martaba, zan fara daga teku, in gangaro zuwa wannan madatsa da muke zaune a gefenta.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Ƙaraye da teku, tunda ko ruwan Challawa ba can yake zuwa ba. Gaskiya ne ruwanmu gabas yake nufa: ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja, su ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. To amma daga ina ruwan ya fito? Iskar da ke kawo mana hadari daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika take ɗebo danshinta. Da ita masarar Rogo take yabanya, da ita wannan madatsa take cika. Masana yanayi sun danganta farin da ya gallabi ƙasashen Sahel a 1973 da 1984 da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Haka kuma kifin ƙanƙara da ake saukewa kwali-kwali a Kano, har ya iso kasuwannin ƙauyukanmu, daga teku ake kamo shi.

To wannan teku, wanda ya mamaye kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, ba shi da lafiya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya jawo wa duniya, ruwan teku ne ya shanye shi. Da ruwan ya ɗumama, sai kifaye suka fara ƙaura zuwa inda ya fi sanyi, duwatsun murjani da ƙananan kifaye ke fakewa a cikinsu suka riƙa koɗewa suna mutuwa. A watan Afrilun 2024 aka sanar cewa wannan koɗewa ta game tekunan duniya a karo na huɗu. Ga leda da robobi da kunkurun teku da tsuntsaye ke haɗiya su mutu. Ga malalar ɗanyen mai, irin wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna yadda ta lalata ruwa da dazukan bakin teku a ƙasar Ogoni. Sannan ga babbar cuta, wato kamun da ya wuce kima. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na garkunan kifin teku da ake bibiya, ana kama su fiye da yadda za su iya hayayyafa su mayar da gurbi.

Ina roƙon jama'a su riƙe shekara ɗaya a ransu: 1992. A shekarar aka kammala wannan madatsa ta Challawa, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Masunta suka taho daga wurare daban-daban suka kafa bukkoki, su ya buɗe, arziki ya shigo. A daidai wannan shekara, a watan Yuli, gwamnatin Kanada ta rufe kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar Newfoundland, irin kifin nan da ake busarwa a Norway a kawo kasuwannin Najeriya. Mutanen wurin sun yi kusan shekara 500 suna kama shi, har suka ɗauka ba ya ƙarewa. Da manyan jiragen su suka zo da na'urorin gano kifi da tarun da ke share ƙasan teku, sai suka kwashe uwa da 'ya'ya. Mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An ce rufewar ta shekara biyu ce, amma sai a 2024 aka ɗage ta, bayan shekara 32.

Ba sai mun je Kanada ba ma. A Senegal da Gambiya da Mauritaniya, ƙananan kifayen da talaka ke miya da su, yanzu masana'antu ne ke niƙe su su zama garin abincin dabbobi da kifin kiwo na ƙasashen waje, ga kuma jiragen ƙetare suna wawaso a bakin ruwan. Samarin da suka gaji su daga kakanninsu, da yawansu sun mayar da jiragen kamun kifinsu na tsallaka teku zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, wasu ko gawarsu ba a gani ba. In teku da girmansa ya gaji da hannun ɗan Adam, ina ga madatsar da ake hango wancan gefenta? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma wutar ta riga ta matso kusa. Tafkin Chadi, inda ruwanmu ke ƙarewa, a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa hutun hunturu tun daga Turai, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Daga cikin dalilan akwai yadda madatsar Tiga ta 1974 da tamu ta Challawa suka sauya tafiyar kogi: a da ya yi ambaliya da damina ya janye da rani, yanzu yana gudu kusan shekara duka, kachala kuwa abin da take so ke nan. Ya kamata mu san cewa ni'imar da muke ci a nan, akwai waɗanda suka biya kuɗinta a can ƙasa. Wannan ya ƙara mana nauyin kula da ita.

Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, yanzu na zo kanka. Ka fi ni sanin abin da masunta ke faɗi in sun dawo da hantsi: ruwa ya yi ƙarya, kifi ya yi wayo, tarwaɗa da karfasa sun ƙanƙance. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwa huɗu da nake roƙon ka sa a gaba.

Na farko, idon taru. Masunta da yatsu suke auna shi, kuma kowa ya san wanda ke barin ɗan kifi ya wuce da wanda ba ya bari. Abin takaici, har gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro wasu ke ja a bakin ruwa, ya kwaso ƙwai da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba.

Na biyu, guba. Mai zuba gamalin ko maganin feshi a ruwa ya kashe kifi, ya kashe kwaɗo da ƙwarin da kifin ke ci, ya sa wa shanun makiyayi da mai sayen kifin cuta. Ruwan nan kuma yana cikin wanda ake tacewa a sha a birnin Kano. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ita ma ta 1992, ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki. Tun 2009 kuma aka sa sinadarin da ke cikin gamalin a jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su. Doka tana nan, mai tsaya mata a bakin ruwa ake nema.

Na uku, hutun ruwa. In damina ta kankama, ruwa ya hau ciyawa, lokacin ne kifi ke fita gefe yana zuba ƙwai. Kama shi a wannan lokaci tamkar manomi ne ya dafa irin da ya ajiye don shuka. Mutanen Kabi sun daɗe da gane haka. Ana tsare kogin Matan Fada a hana su a cikinsa har ranar bikin Argungu, kuma Sarkin Ruwan can na cikin masu tsaron wannan al'ada, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya. Mu ma za mu iya ware wasu lungunan madatsar nan a bar su su huta, a sanar a masallatai da kasuwanni, kowa ya ji.

Na huɗu ya shafi tudu, don haka nake juyowa ga hakimai da dagatai. Noma har bakin ruwa da sare itatuwan gaɓa su ke sa ƙoramu su kwaso yashi da laka su zuba a madatsa, tana cikewa a hankali ba a gani. Takin zamani da maganin ciyawar da ruwan sama ya wanko daga gonakinmu, da ledar da aka yar a kasuwa, duk nan suke ƙarewa. A bar tazara tsakanin gona da ruwa, a dasa itatuwa, a daina wanke tankin feshi a rafi.

Na san wanda aka ce ya ajiye taru wata biyu zai tambaya me iyalinsa za su ci, kuma tambayarsa tana kan hanya. Amsarta tana wuyan ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha da hukumar raya koguna: a taimaka da kiwon kifi a tafkunan gida, a riƙa zuba 'ya'yan kifi a madatsa, a musanya wa masunta miyagun taruna da nagari, a samar wa mata murhun banda mai cin itace kaɗan. Hani ba tare da mafita ba, da dare ake karya shi.

Sarkin Ruwa, ka sani kifi na ganinka, mai jar koma. Ranar da ka kama ɗan ɗakinka da guba ka kau da kai, ranar dokarka ta mutu. Ranar da ka ƙwace tarun ɗan'uwanka kamar yadda za ka ƙwace na baƙo, ranar rawanin nan ya zauna daidai a kanka. Ku kuma masunta, ku ba shi haɗin kai, domin shi kaɗai ba zai iya gadin ruwa da tsakar dare ba.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki. Allah ya ba Sarkin Ruwa ikon yin adalci, ya kare masuntanmu daga haɗarin ruwa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Ƙaraye da Rogo da Jihar Kano da Najeriya lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.