Dangin Kalmomi da Koyar da Karatu a Makarantun Karkara



Wanda duk ya bi hanyar Bichi ko ta Ɗambatta zai ga gona na haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye. A shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki, ya nuna yadda manomansa ke ciyar da ɗimbin jama'a ta hanyar tattalin taki da noma kowane taƙi na ƙasa. To, inda jama'a ta yi yawa, yara sun yi yawa. Tun da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976 azuzuwan karkara suka cika maƙil, ga ƙarancin littattafai, ga damina tana janye yara zuwa gona. Yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, da wuya ya cim ma 'yan'uwansa. Shi ne gobe zai riƙe kwalbar maganin ƙwari bai san abin da aka rubuta a jikinta ba.

Asalin dabarar

Dabarar da za a duba ita ce ta rarraba kalmomi dangi-dangi. A Ingila da Amurka ta yi ƙarfi, dalili kuwa shi ne rubutun Ingilishi ba ya bin furuci sau da ƙafa. Wasalin da ke cikin go da wanda ke cikin do ɗaya ne a ido, amma daban suke a kunne. Saboda haka malamansu sukan tara kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya, kamar cat, hat, mat, yaro ya ware su, ya gane tsarin da kansa.

Hausar boko ba ta da wannan larura sosai. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa shigowar ɓ, ɗ da ƙ a shekarun 1930, an yi ƙoƙari kowane sauti ya sami harafinsa. Don haka ginshiƙin karatun Hausa gaɓa ce. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga ɗan karkara, domin a makarantar allo da babbaƙu yake farawa, sannan farfaru, wato baƙi tukuna, sa'an nan wasali.

Yadda ake yi

Malami ya yanka kwali, ya rubuta kalma ɗaya a kowane yanki, ya zaɓo su daga abin da yaro ke gani kullum. Ga dangi na farko: jaki, taki, baki, ɗaki. Ga na biyu: kara, gara, dara. Ya cakuɗa su, ya zana da'ira biyu a ƙasa, yara biyar ko shida su zauna su karanta kowace da ƙarfi, su kai ta gidanta, kamar yadda ake tsince wake daga tsakuwa. Karantawa da ƙarfi wajibi ce, in ba haka ba ido kaɗai ke aiki. Da sun gama sai a tambaye su: me ya haɗa waɗannan? Mene ne ya sauya? Yaron da ya ce baƙin farko ne kawai ya sauya, ya sami mabuɗin karatu, ko an ba shi kalmar da bai taɓa gani ba zai warware ta.

Daga nan sai baƙaƙe masu ƙugiya: baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Sai masu harafi biyu, kamar tsaba, shanu, gyaɗa. A ƙarshe sai rufaffiyar gaɓa, kamar ta farkon rumbu da garma.

Inda ake tuntuɓe

Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya, alhali wasalin farko na biyun dogo ne. Kukar miya da kukan jariri kuwa karin sauti ne ya raba su. Malamin da ya sa irin waɗannan cikin dangi ba tare da zane ko jimla ba, ya rikita yaro. Tuntuɓe na biyu shi ne gaggawar kai yaro ga dangin Ingilishi tun bai zauna da gindinsa a harshen da yake tunani da shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa, kuma hikimar a fili take: sautin da kunne ya sani shi ne ido ke saurin kamawa.

Kammalawa

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi masu yawa, kwali ne da alli da malamin da ya san abin da yake yi. Nauyin yana kan kwalejojin horon malamai, irin ta Bichi, su koyar da shi a aikace. Yana kan sufetocin makarantu, in sun je rangadi kada su tsaya ga rajista kawai, su ɗauki kati su miƙa wa yaron da ke can ƙarshen aji. Yana kuma kan ɗaliban Hausa, su tattara dangin kalmomi daga bakin mutanen yankin. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.