Garu Ya Tsaya, Amma Don Me Aka Gina Shi?



A wannan biki na cika shekara 50, muna so mu raba kalmomi biyu da muka saba haɗawa a taron kwamiti, wato buri da manufa. Buri shi ne abin da ake sa wa rana da kuɗi, a gama a ce an gama. Manufa kuwa ita ce dalilin da ya sa aka ɗauki aikin tun farko.

Mu duba Nehemiya. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu ya zo Urushalima da buri guda, a sāke gina garun birni. Cikin kwana 52 aka kammala, duk da ba'ar Sanballat da Tobiya. Da a ce garu ne manufarsa, da littafin ya ƙare a sura ta 6. Bai ƙare ba. Aka tara jama'a a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra ya karanta musu Shari'a tun da safe har tsakar rana, gama ana neman mutanen da za su zauna cikin birnin su bauta wa Allah.

Sura ta 13 ce take ba mu tsoro. Nehemiya ya koma wurin sarki, da ya dawo sai ya tarar garu yana nan daram, amma Tobiya ɗin nan ya sami ɗaki a Haikali. Lawiyawa sun koma gonakinsu domin an daina ba su rabonsu. Mutanen Taya suna sayar da kifi a ranar Asabar, ta ƙofofin da aka sha wahalar kafawa suke shigowa da shi.

'Yan'uwa, rufin majami'a da benci da katanga duk buri ne masu kyau, ba mu raina su ba. Amma tara kuɗin kwano ya fi mana sauƙi da samun malamin makarantar Lahadi, wannan kuwa kowa a nan ya sani.

Saboda haka muna roƙon kwamitin gini, kafin a karɓi baikon yau, a kawo takardar ayyukan da aka tsara, a rubuta a gefen kowane ɗaya ko wane ne zai amfana da shi: gwauruwa, ko yaro, ko wanda bai taɓa jin bishara ba. Wanda aka rasa abin rubutawa a gefensa, a dakatar da shi sai dattawa sun zauna.