Hatsarin Haƙar Rami

Yau maganarmu a kan rami ce, watau ramin da mutum ke haƙa da hannunsa, ya shiga ciki ya yi aiki: ramin harsashin gini, da na kwalbati, da na bututun ruwa, da masai, da rijiya, da kududdufin da ake ɗibar ƙasar tubali. A nan ƙasar Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, da an kau da amfanin gona sai aikin gini ya tashi. Waɗansu samarinmu kuma su tafi cin rani Sakkwato ko Abuja ko Legas, ko wurin aikin babbar hanyar nan ta Sakkwato zuwa Badagry da aka soma a 2024. Aikin da aka fi ba baƙon lebura kuwa shi ne a miƙa masa diga da shebur, a nuna masa rami.

Abu na fari da nake so ku riƙe shi ne nauyin ƙasa. Mun saba da ita, muna taka ta, muna ɗibarta a kwando, shi ya sa muke raina ta. To, ku auna mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a zurfi. Ƙasar da ke cikin wannan ɗan wuri nauyinta ya kai wajen kilo 1,500, watau buhun siminti 30. Wane ne a cikinku zai kwanta a ɗora masa buhu 30 a ƙirji? Bangon rami kuwa in ya tashi faɗuwa, sau da yawa abin da ke zubowa ya fi haka, kuma kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya riga ya iso.

Waɗansu suna cewa, "Ai ramin bai fi tsawona ba, ko ya rufta kaina yana waje." Wannan magana ita ke kashe mutane. Ba sai ƙasa ta rufe hanci take kisa ba. In ta kama mutum zuwa ƙirji, duk sa'ad da ya fitar da numfashi sai ta ƙara matsowa ta cike gurbin, in ya so jawo iska babu wurin da haƙarƙari zai buɗe. Ga kansa a waje, ga iska ko'ina, amma ba ya iya shaƙa. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa iska minti 4 zuwa 6 ta soma lalacewa. Kuma ku tuna mai haƙa ba a tsaye yake aiki ba, a sunkuye yake. Ramin da ya kai masa ƙugu yana tsaye, ya isa ya rufe shi yana sunkuye.

Ƙasarmu ta nan ba iri ɗaya ba ce. A tudu akwai jigawa, a fadama akwai laka, wani wuri kuma marmara. Marmarar nan ita ce mai ruɗi. Mutum ya sha wuya kafin ya fasa ta, sai ya ɗauka bangon nan ba abin da zai same shi, alhali a ƙarƙashinta akan tarar da rairayi ko yumɓu mai laushi. Na ƙasan ya zare kaɗan-kaɗan, na saman ya rasa abin da zai zauna a kai, sai ya ɓalle gaba ɗaya. Laka kuma in rana ta buge ta sai ta tsattsage, in ruwa ya shiga tsagar ta yi nauyi, ta yi santsi. Saboda haka ramin da ya kwana lafiya jiya ba lalle ne ya wuni lafiya yau ba, balle in an yi ruwa da dare. A watan Yuni na 2024, a Galadima Kogo cikin ƙasar Shiroro ta Jihar Neja, wani babban ramin haƙar ma'adinai ya rufta da mutane masu yawa bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ruwan da ya jiƙa ƙasar Shiroro shi ne irin wanda ke jiƙa tamu a watan Agusta.

To, mene ne magani? Dabara biyu ce, kowa ya zaɓi wadda wurin ya ba shi. Ta ɗaya, a kwantar da bangon ramin, kada a yanke shi tsaye kamar na ɗaki. A Amurka dokar aiki ta ce ramin da ya kai zurfin ƙafa 5, in ba cikin dutse aka fafe shi ba, lalle a kāre bangonsa kafin mutum ya shiga. A ƙasa mai rairayi kuma, kowace ƙafa 1 ta zurfi a ja bakin baya ƙafa 1 da rabi. Watau ramin ƙafa 6, kowane gefe a buɗe shi ƙafa 9. Na san magina za su ce aikin ya yi yawa. Gaskiya ne ya yi yawa, amma a jigawa ban san wata hanya mai araha da ta fi ta ba.

Ta biyu, inda babu filin buɗewa, kamar cikin lungu ko kusa da katangar maƙwabci, sai a tokare. A jera katako mai kauri a jikin bango dama da hagu, a gicciya azara ko ƙarfe tsakaninsu, a buga ya kama sosai. Ana sa tokara daga sama ana bi zuwa ƙasa, ranar cirewa kuma a fara daga ƙasa ana cike ramin ana hawowa. Rijiya ita ma haka take. Rijiyoyin siminti da aka gina tun zamanin En'e, waɗansu har yau ana jan ruwa a cikinsu, domin an yi musu bango. A rairayi kada mahaƙi ya yi nisa bai ɗaure abin da ya haƙa ba.

Sauran ƙa'idodin gajeru ne. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, aƙalla ƙafa 2, in da hali fiye, gama nauyinta yana danna bangon. Haka tubali da buhunan siminti. Kada tifa ko katafila ta matso bakin rami mutum yana ciki. A ajiye tsani a ciki, kusa da mai aiki. Kada mutum ya shiga shi kaɗai ba wani a sama yana dubansa. Kowace safiya heluma ya zaga ya duba: in ya ga tsaga a bakin rami, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, ko ruwa yana tsattsafowa daga gindin bango, kowa ya fito. A cikin gari kuma a tambaya inda wayar lantarki da bututu suka bi kafin a sara diga. Da yamma a rufe ramin ko a kewaye shi da ƙaya saboda yara da dabbobi. A 2022 a ƙasar Maroko wani yaro ɗan shekara 5 ya faɗa wata ƙunƙuntar rijiya mai zurfin mita 32, aka kwana biyar ana haƙa don a kai gare shi, aka fito da shi ba rai.

Ina da magana ta musamman ga mata da yara masu zuwa ɗibar yumɓu da farar ƙasa da yashi. Ƙasa mai kyau takan kasance a gindin gaɓa, sai a yi ta ƙwaƙule ta har wurin ya zama kamar rumfa, a shiga ƙarƙashi ana jin daɗin inuwa. Wannan rumfa ba ta da ginshiƙi. A sare ƙasa daga sama zuwa ƙasa. Ina roƙon iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, in sun ga irin wannan wuri su sa a rushe shi.

Akwai kuma hatsarin da ido ba ya gani, watau mugunyar iska a gindin rijiya da tsohon masai. Mahaƙa na dā sukan zura fitila a guga, in ta mutu su ƙi shiga. Dabara ce mai kyau ga rijiya, amma ba ta nuna kowace irin guba, kuma kada a gwada ta a masai, domin iskar masai tana iya kamawa da wuta. Mafi muni a zamanin nan shi ne injin ban ruwa mai shan fetur da ake saukarwa cikin rijiya wajen yashe ta. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, mutum zai ji jiri da ciwon kai, sai ya sulale. Inji ya zauna a waje, nesa da baki, tiyo kaɗai ya shiga. Mai shiga kuma a ɗaura masa igiya ta ƙarƙashin hammata, maza biyu suna riƙe.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada kowa ya yi tsalle ya faɗa. Sau da yawa rami ɗaya yakan ci mutum biyu ko uku, na biyu da na uku masu ceto ne, gama bangon da ya faɗi sau ɗaya a shirye yake ya sāke. Mutum ɗaya ya shugabanci aikin. A kori 'yan kallo daga baki, a kashe injuna, a aika neman mota da ma'aikacin lafiya, a tokare bango tukuna sa'an nan a sauka. Kusa da jikin mutum a yi tono da hannu da kwano, ban da diga, ban da katafila. A fara buɗe fuska da ƙirji, a share masa baki da hanci. Kada a ɗaura masa igiya a fizge shi ƙasa tana riƙe da shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura masa iska a baki sau 2, a yi ta maimaitawa. Wajen ɗauka a shimfiɗe shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya a miƙe, don kada ƙashin baya in ya karye ya ƙara ɓarna.

Ko da ya tashi da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti ran nan. An taɓa kawo mini wani saurayi da ƙasa ta danne wa cinyoyi wajen awa biyu. Ba karaya, ba jini, sai aka bar shi a gida ana yi masa barka. Kwana biyu ƙafafun suka kumbura, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi ba madara, daga baya ya ɗauke. Likitocin London sun bayyana wannan ciwo a 1941, lokacin da bama-bamai ke rushe gidaje a kan mutane: naman da aka danne yakan mutu, ya saki guba cikin jini, gubar ta toshe ƙoda. Maganinsa ƙarin ruwa ta jijiya da wuri, har ma tun kafin a gama tono mutum in ma'aikacin lafiya ya iso. Ɗakin magani na ƙauye zai wanke rauni, ya yi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, ya soma ƙarin ruwa, sa'an nan ya tura shi babban asibitin Tambuwal, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato inda ake wankin ƙoda. Maɗori ya dakata sai likita ya duba. In kuma a wurin aikin kamfani ko na ɗan kwangila aka ji ciwon, a sa a rubuta ranar da sunayen shaidu, domin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki hakkin neman diyya, in ya rasu kuma iyalinsa.