Babur Ɗinmu Da Dokar Hayaƙi: Iska Ko Ruwa?



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan babur, kuma mun ga wasu sun fara murmushi tun da aka ambaci Babura cikin garuruwan da za mu taɓo. To, garin ya girmi abin hawan nesa ba kusa ba, suna ne kurum ya zo ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwa a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ya san babur ya gaji jaki. Shi ke ɗauko buhun gero daga ƙauye, shi ke kai malami makaranta, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare ta hanyar da mota ba ta bi. Saboda haka abin da ya taɓa injinsa ya taɓa gidajenmu.

Kowane inji wuta yake ci, in ba a rage masa zafi ba sai fistin ya kumbura ya maƙale. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce wadda muka sani a jikin Boxer da Jincheng da tsohuwar Honda CG125: waɗannan ƙarafa jere kamar haƙarƙari a kan injin, iska na ratsa su tana kwashe zafi muddin ana tafiya. Ta biyu irin ta mota ce, watau ruwa ya kewaya cikin injin, ya je lagireto ya huce, ya komo. Ta farko ba ta da famfo, ba ta da tiyo, ba abin da zai tsiyaye. Shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha biyar a gindin darbejiya yake kwance ta da safe, ya ɗaura kafin la'asar.

To, ina laifinta? Laifinta shi ne zafinta ba ya tsayawa wuri guda. Da asubar hunturu injin ya yi sanyi ƙalau, da azahar ɗin watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin garuruwanmu ke haura digiri 40, ga fasinja biyu ga buhu ga rairayi, sai ya yi kamar zai narke. Don gudun haka masu ƙira kan bar ɗan sarari tsakanin fistin da silinda, su kuma saki mai fiye da kima, domin rarar fetur tana sanyaya kan inji. Wannan rarar ba ta ƙonewa duka. Tana fita ta salansa tare da iskar nan mai guba, marar launi marar wari, irin wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Injin ruwa kuwa zafinsa a daidaice yake, sai a auna masa mai gwargwadon bukata.

Wannan ne ya sa dokoki suka matsa wa injin iska. A Turai an ɗora wa sababbin babura ƙa'idar Euro 5 daga 2020, Indiya kuma, inda ake ƙera Boxer, ta shiga ƙa'idarta mai suna BS-VI a watan Afrilu na shekarar. Kamfanin BMW na Jamus, wanda ya shahara da injin iska shekara da shekaru, ya shigar da ruwa cikin babban babur ɗinsa a 2013. Yamaha SR400, da aka fara ƙerawa a 1978, ya yi ban kwana da kasuwar Japan a 2021. A nan gida ma akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idar hayaƙin ababan hawa a 2011, sannan a 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu da a rage farar wuta a cikin mai, a kuma ɗaga matsayin motocin da ake shigowa da su. Ko wani a ɗakin nan ya taɓa ganin an tsayar da babur a hanyar Kano zuwa Daura an auna hayaƙinsa? Mu dai ba mu gani ba.

Wani zai ce, ashe sai mu yi kira a kawo mana masu ruwa. Mu ba mu goyi bayan haka ba. Lagireto a hanyar Gwiwa abokin ƙura ne da taɓo, faɗuwa ɗaya cikin kwazazzabo ta isa ta huda shi. Ruwan rijiya da za a riƙa ɗura masa, tun da na kanti kuɗi ne, shi zai toshe shi da tsatsa. Ga tsada, alhali tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 ɗan acaɓa lissafin kowace lita yake yi. Daɗin daɗawa, matsalar zafi ta manyan injuna ce. Ƙaramin inji mai siisii 100 ko 125 ya tsallake waɗancan dokoki a Indiya da Turai yana nan da iskarsa. Abin da aka yi masa shi ne gyara yadda ake ba shi mai, galibi da na'urar lantarki mai fesawa a madadin kafireta, aka kuma sa matacin hayaƙi cikin salansa.

Nan ne damuwarmu take. Matacin nan ba ya jure gurɓataccen mai, mu kuwa a ƙauyukanmu mai na kwalba muke saye a bakin hanya, ba mu san abin da aka gauraya masa ba. Na'urar fesa mai kuma ba a gyara ta da kunne da sukudireba, sai da abin awo. In masana'antun Indiya da Sin suka daina ƙera tsohon samfuri, bakanikenmu zai wayi gari da injin da bai iya buɗewa ba. In kuwa suka ci gaba da ƙera shi dominmu kaɗai, mun zama jujin abin da suka hana 'ya'yansu shaƙa, kuma mai tuyar ƙosai a tasha ita za ta fara biya da ƙirjinta.

Muna da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a cikin garin Kazaure. Roƙonmu ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu shi ne su nemi haɗin kanta, a riƙa tara masu gyaran babur ana nuna musu sabon injin tun bai cika kasuwa ba. Mu kuma masu karatun injiniya, hutun nan mai zuwa kowa ya nemi garejin unguwarsu ya zauna ko da mako biyu ne, ya ƙirga irin baburan da ake kawowa da cutar kowanne, mu haɗa abin da muka samo a taro na gaba.

Shugaba, mun ga kana duba agogo.